Bashin Farar Riga

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na masu jin haushin Abdulghaffar don ya ƙi sa wa ƙanwarsa hannu. Wata ta ce hassada ce, wata ta ce irin mazan nan ne da ba sa son mace ta ɗaga kai. Ban tanka wa kowa ba. Ku karanta wannan tukuna, kowa ya riƙe hukuncinsa a baki.

*

Sai da aka rufe mustausaf ɗin, wato ƙaramin asibitin, bayan azahar, marasa lafiya suka watse, Daktur Ramzi mai asibitin ya shiga motarsa ya tafi cin abinci, sannan Zakiya ta jingine tsintsiya da bokiti a bayan ƙofa. Ta wanke hannu sau biyu, ta goge sosai, don kada ta jiƙa takardar.

Kwana tara ke nan takardar tana hannunta.

Takardar shiga ajin Daktur ce, wanda yake buɗewa duk bayan shekara biyu ya koya wa mutum shida ko bakwai aikin taimakon likita: allura, ɗaurin ciwo, awon zafin jiki da na jini. In mutum ya gama a kawo masa shahada, takardar shaidar karatu mai hatimi, daga Alƙahira. A bana, 1973, ya ce zai ɗauki mata biyu, tunda matan unguwa ba sa yarda namiji ya yi musu allura. Shi da kansa ya kira Zakiya ofis, ita da take share masa daɓe, ya ce ya ga tana da hankali, tana kuma iya karatu.

Kuɗin ajin riyal dubu huɗu da ɗari biyu ne. Ba yanzu za a biya ba, sai an fara aiki a riƙa cira.

Ta yi lissafin nan har ta haddace shi kamar Fatiha. Shara tana ba ta ɗari da hamsin a wata. Mai shahada, in ji Daktur, ɗari huɗu yake ɗauka. A cire ɗari da hamsin na bashi, saura ɗari biyu da hamsin. Wata ashirin da takwas ta gama biya. A lokacin 'yarta Madina tana da shekara goma sha ɗaya, kuma ba za ta ƙara jin an kira ta 'yar mai shara ba.

Abu ɗaya ya rage, sa hannun waliyyi. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Mijinta Husaini shekararsa uku a ƙasa. Saura yayanta Abdulghaffar, wanda shi ma wannan ajin ya yi, yake aiki a nan da farar rigarsa, mutanen unguwarsu Sa'alaba, nan Jidda, suna ce masa Daktur.

Sau uku tana kai masa takardar a gida, sau uku yana cewa gobe. Yau ne goben ƙarshe, don Daktur ya ce in ba ta kawo ba kafin la'asar zai ba wata gurbin.

A ɗakin dafa allurai ta same shi, ɗan ƙaramin ɗaki a bayan gini mai taga ɗaya. Ya ɗora farantin ƙarfe a kan risho, sirinjin gilas suna ta karo da juna a cikin tafasasshen ruwa. Zafin ɗakin ya fi na waje. Ya cire farar rigar ya rataye, daga shi sai singileti, sai a lokacin ta lura da yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito.

Ta yi sallama, ta tura ƙofa ta rufe, ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta ɗora alƙalami a kai.

Bai dube ta ba. Ya ce ta bari sai sun koma gida.

Ta ce gida ya ƙare. Ta ce ta gaji da gobe, yau dai ko ya sa hannu ko ya faɗa mata abin da ta yi masa.

"Ba ki yi min komai ba."

"To sa hannu, Yaya."

"Ba zan sa ba."

Wannan ne karo na farko da ya faɗe shi ƙiri-ƙiri. Zakiya ba mai yawan magana ba ce, amma ranar bakinta ya buɗe. Ta tuna masa cewa lokacin da ya shiga ajin nan ita ce take wanke masa riga da dare ta goge da asuba. Ta ce shekara uku tana durƙusawa tana goge amai da jinin mutane, tana ganinsa yana wucewa da faranti a hannu ana miƙe masa, ba ta taɓa jin ƙyashi ba. Yanzu Allah ya buɗe mata ƙofar da shi ya shiga, shi ne zai tsaya a bakin ƙofar.

"Kai ka sha, ka ƙoshi, ni kuma ka kife kwaryar?"

Ya sa awartaki ya fara tsamo sirinjin ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan farin ƙyalle. Na huɗun ya kuɓuce, ya faɗi a siminti, ya tarwatse.

Ya tsaya yana kallon gutsattsarin gilas ɗin.

"Riyal goma sha biyu," ya ce a hankali. "Yau za a rubuta min shi."

Ta ce a rubuta a ina.

Ya kashe rishon, ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna, ya nuna mata benci. Ya tambaye ta nawa take tsammani yake ɗauka a wata. Ta ce kowa ya sani, ɗari biyar ne, mahaifiyarsu Ummi ma haka take faɗa wa maƙwabta.

"Ɗari da arba'in nake fita da shi daga wannan ginin."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce kada ya mayar da ita yarinya. Mai shara ma ya fi haka.

"Na sani. Kin fi ni albashi da riyal goma."

Daga nan ya fara ba ta labari, muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tebur. Ya ce shi ma irin wannan takardar aka ba shi shekara takwas da suka wuce, ta riyal dubu uku, shi ma ya yi irin lissafinta, har ya fi ta murna. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, shekara biyun karatun aiki ne cikakke ba albashi. Abincin rana da ake ba su, a rubuce yake. Farar riga biyu a shekara, a rubuce. Littafi, kuɗin jarrabawa, kuɗin aika takardu Alƙahira, duk abin da ya fashe a hannun mutum. Ranar da ya gama, Daktur ya buɗe masa littafi ya nuna masa dubu biyar da ɗari shida.

Albashin da aka yi masa alkawari kuma ba a ba shi ba. Aka ce sai shahada ta iso. Da ta iso aka nuna masa ita daga nesa, aka mayar cikin akwatin ƙarfe aka kulle, aka ce ranar da ya gama biya zai karɓa. Ba shahada, ba wani asibiti da zai ɗauke shi. Ga shi Daktur ne kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, da ta Ummi duk a hannunsa suke, kuɗin sabunta su ma cikin littafin yake shiga. Yana biya ta sama, ana zubawa ta ƙasa.

Zakiya ta dubi takardarta. Ta nemo layin da ta sha karantawa ba ta tsaya a kansa ba, inda aka ce da sauran abin da karatu ya ci.

Ta ce to me ya hana shi faɗa tun tuni.

Ya ce wa zai faɗa wa. Ummi da ta sayar da awarwaronta ta yi walima ranar da ya gama? Ko mutanen unguwa da suka riga suka naɗa masa Daktur, mai haihuwa ya zo, mai rasuwa ya zo, mai neman kuɗin mota zuwa Makka ya zo? Farar riga ba ta barin mutum ya ce babu.

Duk da haka ba ta sauka ba. Ta ce ta ji, an cuce shi. To ita yanzu ta sani, za ta shiga da ido buɗe. Za ta zo da abincinta daga gida, za ta ɗinka rigarta, za ta riƙe gilas kamar ƙwai. Ko ɗari biyu ta tsira da shi ya fi tsintsiya. Ta kuma ce lissafinsa bai cika ba: mai ɗari da arba'in ba ya biyan haya, ya ciyar da uwa, ya kuma ba Madina hamsin duk wata ba fashi.

"Ina kake samun sauran?"



Ya ce a da allura yake yi wa mutane a gidajensu. A nan sai mutum ya biya ashirin kafin ya ga likita, shi kuwa riyal uku yake karɓa. Maganin daga ma'ajiyar asibiti yake ɗiba, kwalba ɗaya yau, biyu gobe. Lebura a mina, tashar jiragen ruwa, ya ji zazzaɓi, ko ƙafa ta rure, sai a ce a kira Abdulghaffar. Da wannan ya rufa wa gidan asiri shekara biyu. Yanzu ya bari. Yanzu in an tashi daga nan wankin motoci yake yi a wani gareji, inda ba wanda ya san shi.

Ta ce yaushe ya bari.

"Shekara uku."

Ta ce me ya sa.

Ya ɗago kai ya dube ta, karo na farko tun shigowarta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Zakiya, in na faɗa miki, ba ni da ƙanwa kuma."

Ta gyara zama a kan bencin. Ta ce ya faɗa.

Ya tambaye ta me aka ce mata ya kashe Husaini.

Ta ce wace irin tambaya ce wannan. Shi ne ya je har Makka ya ɗauko ta daga gidan gwaggonsu inda take jinya, shi ne ya faɗa mata a mota. Husaini ya taso daga mina da rana tsaka, ya yanke jiki ya faɗi a hanya, aka kawo shi nan, zuciya ta tsaya. Takardar Daktur ma tana cikin akwatinta.

"Bai faɗi a hanya ba."

Ta ce to a ina.

"A gidanmu ya rasu. A kan tabarmar tsakar gida."

Ya ce ranar Talata ce. Husaini ya kwana biyu maƙogwaro yana masa ciwo, ga zazzaɓi, ga shi ba ta gida. Ya biyo ta gidan surukai da azahar ya sami Abdulghaffar ya dawo cin abinci. Ya ce ya yi masa allurar nan da yake yi wa abokan aikinsa, don akwai jirgin shinkafa da za a sauke da yamma, ba ya son a ba wani gurbinsa. Fenisilin ce. Ƙa'ida ita ce a fara ɗiga kaɗan a ƙarƙashin fata, a jira minti goma sha biyar, a ga ko jiki zai karɓa. Ya san ƙa'idar, shi yake yi wa mutane ita a nan kullum. Amma ya yi wa mutum sama da ɗari a unguwa ba gwaji, ba abin da ya faru. Ga Husaini yana ta zolayarsa, yalla ya Daktur, yi sauri, jirgi ba ya jira.

"Na yi masa. Ya miƙe yana ɗaura wando, ya ce bakinsa yana ƙaiƙayi. Ya ce in ba shi ruwa."

Kafin a kawo ruwan fuskarsa ta kumbura. Numfashi ya koma kamar ana busa ta cikin kara. Ya riƙe wuyansa da hannu biyu ya durƙusa.

Abdulghaffar ya ce akwai allurar da ake yi a irin wannan hali, 'yar ƙarama, da za ta buɗe masa maƙogwaro nan take. Ba ya yawo da ita. Ita a kulle take, ana ƙirga ta duk sati, in ɗaya ta ɓata za a gane. Kuɗinta riyal biyu.

Ya fita a guje neman mota. Kafin ya dawo an gama.

Zakiya ba ta yi kuka ba. Abin da ya zo mata shi ne fuskar Husaini a cikin likkafani, leɓɓansa sun yi kauri kamar ba nasa ba. Ta tambaya a lokacin, aka ce zafi ne, gawa ba ta jure zafin Jidda. Ta yarda. Shekara uku tana ganinsa a ranta yana faɗuwa shi kaɗai a kan kwalta, ba mai ɗiga masa ruwa, tana zargin kanta da ta tafi Makka ta bar shi.

Muryarta ta fito kamar ta wata.

"Ya yi magana?"

"Ya so ya yi. Ba hanya."

"Ya sha wahala?"

"Minti goma. Ko ƙasa da haka."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya ci gaba.

Ya ce gawar ya saka a mota ya kawo nan, don bai san inda zai nufa ba. Daktur ya duba sau ɗaya ya gane. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce masa abu biyu ne. Ko ya kira 'yan sanda: satar magani, aikin likita ba izini, ga rai. Kurkuku, bayan kurkuku a kore shi daga ƙasa, shi da Ummi, zuwa garin da kakansu ya baro da ƙafa, wanda su sunansa kawai suka sani. Ko kuma ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya, shi kuma Abdulghaffar ya rubuta da hannunsa abin da ya aikata, ya sa hannu, a ajiye tare da shahadarsa. Aka kuma ƙara dubu goma a littafi, wai ladan kasadar da Daktur ya ɗauka.

"Yau ana bi na dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Shekarata talatin da shida. In ba a ƙara ko sisi ba, sai na yi arba'in da huɗu. Kuma ana ƙarawa."

Ta ce aikin sharar nan fa.

Ya ce Daktur ne ya kawo shawarar, bayan ta fita takaba. Ya ce a kawo ta kusa.

Zakiya ta tuna ranar da ta fara aiki. Har ƙasa ta durƙusa ta gode wa mutumin. Duk azumi sai ta sa shi a addu'a, shi da 'ya'yansa. Kuma kullum da safe ita take goge saman akwatin ƙarfen nan na ofis da tsumma mai laima, ta ɗaga tulun furen da ke kai ta mayar.



Ta ce hamsin ɗin Madina ke nan kuɗin ubanta ne.

Bai musa ba.

Ta ce to yanzu ta gane. Tsoro ne ya hana shi sa hannu, kada ta shiga cikin ma'aikata ta ji wani abu.

Ya girgiza kai. Ya ce da tsoro ne da tuni ya sa. Ya ce ranar da Daktur ya ba ta takardar, ya kira shi shi ma. Ya ce masa in ƙanwarsa ta shiga ajin, zai yafe masa dubu biyu. Yana buƙatar mace mai allura, matan unguwa kuɗi ne, kuma wadda yayanta ke cikin akwati ba za ta taɓa neman tafiya wani wuri ba.

"Dubu biyu, Zakiya. Wata goma sha bakwai na rayuwata. Kwana tara ina auna ki da su."

Ta dube shi.

"Sau biyu na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya har na rubuta harafin farko a iska. Ba don ni mutumin kirki ba ne na fasa. Na kashe miki miji, na ga ba zan iya sayar da ke a kai ba. Halas. Abin da ke nan ke nan."

Ya sauko daga kujerar ya durƙusa a gabanta, cikin gutsattsarin gilas, bai ma lura ba. Bai ce ta yafe masa ba. Ya ce duk abin da ta ga dama ta yi, ba zai gudu ba. Abu ɗaya ya roƙa, ta yi tunanin Ummi kafin maganar ta kai kunnen dangin Husaini, musamman wansa Adamu, wanda shi ne mai haƙƙin jini, kuma ba mutum ne da ake tanƙwarawa ba.

Ta miƙe. Ta kai hannu ga ƙofa, sai wata tambaya ta tsayar da ita.

Ta tuna ya ce ya fita neman mota.

"Da ka fita, wa ka bari da shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya. Wa ya kawo ruwan?"

"Ummi."

Ya ce a cinyarta Husaini ya cika. Ita ta yi masa kalmar shahada, ita ta rufe masa ido. Washegari da ta ɗaga tabarma ta sami riyal uku a ƙarƙashi, ashe Husaini ya tura su a ɓoye don Abdulghaffar ya ce ba zai karɓi kuɗin suruki ba. Ita ce kuma ta ce kada a faɗa wa Zakiya. Ta ce ta rasa ɗa ɗaya yau, ba za ta rasa na biyu ba.

Zakiya ta buɗe ƙofa ta fita. Ba ta ɗauki takardar ba. Ta ji yana kiran sunanta sau ɗaya, bai ƙara ba.

Ta ɗauki abayarta a inda take ratayewa, ta bi ta ƙofar baya. Ba ta jira mota ba, da ƙafa ta kama hanyar Sa'alaba, rana tana dukan tsakar kanta, takalmin roba yana manne wa kwalta. Masu shaguna duk sun rufe sun shiga inuwa. Wata mata ta gaishe ta daga taga, ba ta ji ba.

Ummi take gani. Ummi da ta kwana da ita a ɗaki ɗaya wata huɗu da kwana goma na takaba, tana shafa mata baya in kuka ya ci ƙarfinta. Sau nawa ta ce, Ummi, da ina nan da bai mutu shi kaɗai a titi ba. Ummi ta ce, yi haƙuri, kowa da inda aka rubuta masa. Ta faɗa da bakin nan, da hannun nan da ya rufe masa ido.

Ta kuma ga abin da zai biyo baya in ta buɗe baki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a cikin jirgin ruwa, da ƙullin kaya ɗaya. Yayanta a bayan ƙarfe. Ita da Madina ba aiki, ba kafili, ba haya. In kuma ta yi shiru, gobe da safe ta ɗauki tsumma ta koma goge akwatin. Ta juya shi ta nan, ta juya ta can, ba gefen da ba ya yanka.

Tana shiga lungunsu ta ga baƙin keke jingine a bangon gidan. Ta san shi. Yau ɗaya ga wata.

Duk ɗaya ga wata Adamu yakan zo duba 'yar ƙaninsa, ya kawo shinkafa da sukari, ya sha shayi kofi biyu ya tafi.

Ta tura ƙofa.

Yana zaune a tsakar gida a kan tabarma, dogon mutum mai furfura a gemu, ƙaramin kofin shayi a hannunsa. Madina tana gefensa tana nuna masa littafinta na makaranta. Ummi tana kan 'yar kujera da buta a hannu.

Zakiya ta tsaya tana kallon tabarmar. Ba a taɓa canza ta ba.

Adamu ya amsa sallamar da ba ta yi ba, ya ce yau an taso da wuri. Ya dube ta da kyau, ya ajiye kofin, ya tambaya ko lafiya.

Ummi ba ta tambaya ba. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar 'yarta, butar ta karkace a hannunta, shayi ya zuba a ƙasa bai shiga kofi ba. Ta ajiye ta, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Zakiya, zo ciki ki kama min wani abu."

Zakiya ba ta motsa ba.

"Zo mana, 'yar nan. Don Allah."

Adamu ya ga kamar maganar gida ce. Ya shafa kan Madina, ya ce bari ya kama hanya, la'asar ta kusa. Ya jawo takalminsa.

Zakiya ta mayar da ƙofar gidan ta rufe, ta jingina bayanta da ita. Ta ce wa Madina ta shiga ɗaki ta ja labule. Sai da yarinyar ta shige sannan ta yi magana, idonta a kan mahaifiyarta.

"Yaya Adamu, zauna tukuna. Ummi tana da abin da za ta faɗa maka."